Gurbin Liman a Ɗakin Girkawa

Shekarar da gwiwoyin mahaifina suka gaza, aikin ginin gidanmu ya dawo hannuna, na kuwa karɓe shi da girman kan da ya fi ƙarfin wuyana. Mu magina ne tun kaka da kakanni a cikin birnin Haɗeja. A lokacin na riga na ɗaga 'yan masallatan unguwa da zauruka, har akwai wani soro da wani hakimi ya tsaya ya dubi rufinsa ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan na riƙa yawo da labarinsa har abokaina suka fara canza hanya in sun hango ni. A ganina daga Jahun har Birniwa babu wanda ya san ƙasa da azara kamar ni.

Ana nan wata rana sai ga wani farin mutum ya jingine kekensa a ƙofar zaurenmu, ya yi sallama da Hausa. Gajere ne kakkaura, gashin bakinsa ya fara furfura. Mun san shi da gani, shi ne mai babban kantin sayen gyaɗa da fatu a Malam Madori tun da jirgin ƙasa ya iso can. Mu duk Kwarori muke ce musu, muna haɗa su da mutanen Sham, amma shi da 'yan'uwansa Girkawa ne, in ka kira shi Kwara sai ya gyara maka cikin haƙuri. Ya ce magini yake nema, yana son a gina musu ɗakin addu'a.

Ashe ya riga ya zaga manyan maginan gari. Wani ya ce masa bayansa na ciwo, wani ya ce yana da aikin fada, wani kuma aka ce ba ya nan alhali yana cikin gida yana shan fura. Ba wanda ya so a ce shi ya gina wa Nasara wurin ibada. Mahaifina ya saurare shi har ya gama, sannan ya dube ni ya ce, "Ni ban sa ka ba, ban kuma hana ka ba." Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne filin a gefen hanyar jirgi yake. Duk wanda ya hau daga Kano zuwa Nguru sai ya leƙo ta taga ya ga ginin, ya tambayi wanda ya yi shi. Kafin mahaifina ya rufe baki na ce na karɓa.

Girkawan nan ba su da yawa, 'yan gidaje ne a warwatse a tashoshin gyaɗa, wasu a Malam Madori, wasu a Birniwa, wasu a ƙauyukan bakin fadama. Kiristoci ne, amma ba irin na Turawan mulki ba, suna kiran kansu masu bin Bishara. Turawan mulkin ma ba su ɗauke su cikakkun Turawa ba, ba a gayyatarsu shan shayi a barikin Di'o. Da farko a falon mai kantin suke taruwa ranar Lahadi, domin shi ne dattijonsu. Da falon ya yi musu kaɗan sai suka koma sito, suna zama a kan buhunan gyaɗa suna waƙa da harshensu. In kaka ta yi sito ya cika har rufi, sai su rasa wurin tsayawa, ga ɓeraye, ga ƙaiƙayi. Sun daɗe suna neman izini kafin Di'o da fada su yarda su gina ɗaki ɗaya a bayan kanti, da sharaɗin ba ƙararrawa, ba kuma kiran kowa daga 'yan gari.

Ranar da za mu fara, dattijon ya ɗauki kara ya zana mini a kan yashi. Bango huɗu, ƙofa ɗaya, tagogi, shi ke nan. Ya ce, "Magini, ba na son ado. Ɗaki kawai, wanda mutane za su zauna su ji karatu." Na ce to, na sake cewa to, amma kunnena ne kaɗai yake wurin. Idona yana sama yana auna ƙasaitaccen rufin ɗaurin gugar da zan yi. Washegari ya hau mota ya tafi zagayen sayen gyaɗa, domin lokacin gini da lokacin cinikinsu duk ɗaya ne, wato bayan kaka. Ya bar ni da leburori da tulin azarar giginya da aka kawo daga fadama.

Da na zo jan harsashi sai na dubi zanensa, na ji tausayinsa ya kama ni. Mutum zai gina ɗakin ibada, ya bi layin shingen kanti kamar mai gina turken awaki, bai san gabas ba bai san yamma ba. Na share zanen da ƙafa, na fitar da alƙibla yadda mahaifina ya koya mini, na karkata ginin ya fuskance ta. Sannan na lura ya manta da abu mafi muhimmanci, bai bar wa liman gurbi ba. Ban taɓa ganin ɗakin sallah babu mihirabi ba, hannuna ma ba zai yarda ba. Na ce wa kaina bawan Allah ne, baƙo ne, kunya ce ta hana shi tambaya. Sai na fitar da gurbin ta bangon gabas, na zagaye shi ya yi ƙusumbi ta waje, na ɗora masa bakan gizo ta ciki. Duk gurabun da na taɓa yi wa Musulmi babu wanda ya kai shi kyau, abin da har yau ban san yadda zan amsa shi ba in an tambaye ni.

Akwai wata tsohuwa a gidan, mahaifiyar dattijon. 'Yar ƙarama ce, kullum cikin baƙaƙen kaya da baƙin ɗankwali, ko da rana na dukan tsakar ka. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ɗana" ba, ni kuma ina ce mata Iya. Da farko daga nesa take kallonmu. Ranar da gurbin ya kai kafaɗar mutum sai ta taho a hankali, ta shigo tsakanin tubala, ta tsaya a gabansa ta daɗe. Ta waiwaya wajen gidan, ta ga ba kowa, sai ta taɓa goshinta da ƙirjinta da kafaɗunta da sauri. Daga ranar kullum da hantsi sai ta kawo mini wani abin zaƙi na riɗi da zuma a cikin faranti, ni kaɗai ban da leburori. Na riƙa ci ina kallonsu a kaikaice. Na ce musu ko a ƙasar Turawa in an ga gwani ana gane shi.

Dattijon ya dawo bayan mun rufe sama, muna shirin yaɓe. Tun daga nesa na ga ya tsaya yana kallon yadda ginin ya bauɗe daga layin shinge. Na tarye shi ina washe baki, na ja shi ciki, na tsaya gefe don ya gani da kyau. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ya gyaɗa kai, na ji sanyi a raina. Sai idonsa ya sauka a bangon gabas. Na ga jinin fuskarsa ya gudu, sannan ya dawo gaba ɗaya.

"Magini, mene ne wannan?"

"Wurin limaminku ne, Maigida. Ka manta ba ka zana ba, shi ne na cika maka."

"Ba mu da liman."

"To wa yake ja muku?"

"Duk wanda ya iya karatu sai ya tashi ya karanta."

"Madalla. Sai ya shiga nan ya karanta, muryarsa ma ta fi fita."

Ya ce a rushe. Na ɗauka ban ji daidai ba, ya maimaita. Nan fa raina ya ɓaci, na fara zayyana masa tarihin gidanmu, na kawo masa labarin hakimin nan da gyaɗa kansa. Ya bar ni na zuba har na gaji, sannan ya kama hannuna ya kai ni inuwar barandar kanti, ya sa aka kawo ruwa.

A nan na ji asalinsu. Ya ce a ƙasarsu akwai babbar majami'a ta gargajiya wadda kusan kowa yake bi, mai limamai masu dogon gemu da baƙaƙen riguna. Kowane ɗakin ibadarta gabas yake kallo, kuma a bangon gabas akwai gurbi zagayayye, daidai irin wanda na yi, inda limamin yake shiga a bayan hotuna da fitilu da turare. Shi yana saurayi ya karanta Littafinsu da kansa, ya ce bai ga hoto a ciki ba, bai ga wani mai shiga tsakani ba. Ya fita daga majami'ar tare da wasu 'yan tsiraru. Aka daina sayen kaya a shagonsu, yara suna jifan ƙofarsu, da 'yarsa ta fari ta rasu aka hana a binne ta a maƙabartar gari. Daga baya yaƙi ya ci garin baki ɗaya, bai tambayi wa ke bin wace majami'a ba. Suka hau jirgin ruwa zuwa Masar, daga can Sudan, daga can Kano, har gyaɗa ta kawo su nan.

Ya ce, "Na ƙetare teku da hamada ina gudun wannan gurbi, magini. Yau na zo na tarar yana jirana a Malam Madori, kuma Musulmi ne ya gina mini."

Na yi ta kallon kofin ruwan da ke hannuna, ina tuna riɗi da zumar da na yi makonni ina ci da sunan gwaninta. Sai a lokacin na gane abin da Iya ta gani a bangon nan. Ta bi ɗanta ta bar majami'ar iyayenta, ta bi shi ta bar ƙasarta, amma zuciyarta ba ta gama tahowa ba. Kunya ta kama ni, tare da wani tausayi da ban san inda zan ajiye shi ba. Duk da haka, don kada a ce ina da hankali, da na buɗe baki sai na ce ai gurbin ya yi kyau.

Ranar Lahadi suka taru a gindin wata bishiyar bedi don yanke shawara. Ba wanda ya gayyace ni, amma na je na zauna a gefe, ba na jin ko kalma ɗaya, ina gyaɗa kai kamar alƙali. Daga baya matar dattijon, wadda ta fi su duka jin Hausa, ta faɗa mini yadda aka yi. Wasu sun ce laka ce kawai, a jera littattafai a ciki a huta. Wani dogo mai sayen fatu a Birniwa ya ce shi ƙafarsa ba za ta shiga ɗakin ba muddin abin nan yana nan, domin yau gurbi ne, gobe fitila, jibi hoto. Aka yi ta ɗaga murya, ya ɗauki hularsa ya tafi, wasu gidaje suka bi shi. Makonnin da suka biyo baya a wuri biyu suka yi addu'a. Jama'ar da jifa bai raba ta ba, yaƙi bai raba ta ba, ni na zo na raba ta da tubali da kyakkyawar niyya. Iya tana wurin a zaune duk tsawon gardamar, ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta.

Dattijon ya sake kirana ya ce a rushe, maganar ta ƙare. Na nuna masa ƙafar babban bakan da ya ɗauki rufin, na ce a kafaɗar gurbin take zaune, in an taɓa shi sai dai a sauke sama duka. Gaskiya ce, ko da yake na ƙara mata ɗan gishiri. Ya dubi sama ya dubi ƙasa. Ya ce, "To toshe shi ta ciki. Bangon ya miƙe, kada a ga alama." Ƙusumbin waje kuwa ya ce a bar shi, ba wanda yake addu'a a bayan ɗaki.

Ban taɓa jera tubali da nauyin jiki irin na wannan safiya ba. Na kai jerin kusan ƙirjina sai na ji motsi a bayana. Iya ce, ba faranti a hannunta yau, ta rungume wani abu a ƙirji a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta dubi leburorin, ta dube ni. Na tura su ɗebo ruwa duk da randunan a cike suke. Ta matso ta miƙa abin ta saman tubalin, hannunta bai kai ba. Ƙyallen ya zame, na ga wani ɗan katako bai fi tafin hannu biyu ba, hayaƙi ya baƙanta shi, an zana mace riƙe da jariri.

Na tsaya cak. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, a wannan magana ta hoto ni da ɗanta bakinmu ɗaya. Na tuna mahaifina, na tuna malamin unguwarmu, na tuna dogon Birniwa da ya ce yau gurbi jibi hoto, ga shi tun jibin ba ta zo ba maganarsa ta tabbata, kuma a hannuna. Ta ce, "Ɗana." Ba ta da wata kalmar da za ta ƙara, sai ta sake cewa, "Ɗana." Na karɓa, na gyara ƙyallen, na sunkuya na jingine shi a ƙasan gurbin a kan busasshen tubali, fuskarsa tana kallon cikin ɗakin. Ta tsaya tana kallo ina jerawa har ramin ya rufe. Da leburorin suka dawo sun tarar ina yaɓe ina istigfari a ɓoye.

Dogon Birniwa ya zo ya shafa bangon da tafin hannunsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, bai ji tudu ba bai ji kwari ba, sai ya yarda ya dawo da mutanensa. Suka buɗe ɗakin da waƙoƙinsu, suka yanka rago suka aiko mana da rabonmu. Iya ta ce kunnenta ya yi nauyi, don haka a bencin gaba take zama, dab da bangon gabas. Kowa ya yaba mata da son jin karatu.

Ɗakin ya yi musu shekaru. A cikinsa suka ɗaura auren 'ya'yansu, daga cikinsa suke fita zuwa bakin kogi in ruwa ya ja baya su yi wa sababbin shiga wankansu na addini, masunta suna kallo daga kwale-kwale suna mamaki. Wasu akawunan jirgi 'yan kudu ma sukan shigo su zauna a baya, ko da yake ba sa jin harshen. Daga baya 'ya'yan suka tafi karatu ƙasashen waje ba su dawo ba, da aka fara maganar mulkin kai cinikin gyaɗa ya sauya hannu, gidajen suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Fasinjojin jirgin da na gina ɗakin dominsu kuwa, wanda ya tambaya a cikinsu abin da yake tambaya shi ne wane ne ya gina ɗaki a karkace.

Kowace shekara kafin damina nakan je in sabunta yaɓe in gyara indararo. Duk zuwan da zan yi sai Iya ta kawo mini farantinta, mu dubi juna mu kau da kai. Na riƙe sirrin nan da ƙasaita, ko matata ban faɗa wa ba. In na ga dattijon yana karatu a gaban bangonsa miƙaƙƙe sai in ce a raina, bawan Allah, da ka san abin da na sani. Har wani tausayinsa nake ji irin na babba ga yaro.

Iya ta rasu a wata bazara, suka binne ta a filin bayan kanti. Ban daɗe da zuwa gaisuwa ba lokacin yaɓe ya yi, na koma da leburorina. Ruwan bara ya ci saman ƙusumbin, ya fara tsagewa. Ina tsaye ina dubawa sai ga dattijon ya zagayo, abin da bai taɓa yi ba, domin tun da aka gama ginin ban ga ya taka bayan ɗakin ba. Ya tsufa ƙwarai a 'yan makonnin nan. Ya tsaya kusa da ni, ya sa yatsa a cikin tsagar.

Ya ce, "Nan kada ka tsaya a yaɓen makuba kaɗai. Ka sa laso mai hana ruwa shiga, ka ninka. Katako ba ya son danshi."

Na ce, "Wane katako, Maigida? Ai duk laka ce."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Tun daga ƙasarmu take ɓoye shi a ƙasan akwatinta, ni kuma ina yi kamar ban sani ba. Ranar da ka toshe bangon na duba, babu shi." Sannan ya ce, "Shi kaɗai ta fito da shi daga wutar yaƙin da ta ci garinmu. Ni na hana ta ta rataye shi."

Na rasa inda zan sa idona. Na sa aka kwaɓa laso, na hau. Da lebura ya ɗauko kwanon zai miƙo mini sai dattijon ya karɓe shi daga hannunsa. Shi ya yi ta miƙo mini, kwano bayan kwano, cikin rana, har muka gama.